Shawara, R17 da Takardar Biya: Masu Bin Diddigin Sunan Cuta a Zariya

Cuta ɗaya takan amsa suna huɗu kafin foldar mai ita ta koma ma'ajiya. Na farko shi ne wanda aka raɗa mata a gida: uwa a Hanwa ta ɗaga fatar idon ɗanta, ta ga farin ya koma ruwan ɗorawa, ta ce shawara ce. Na biyu shi ne wanda likita zai rubuta da Turanci, a Tudun Wada ko a Shika. Na uku harafi ne da lamba, irin su R17 ko B15, wanda ma'aikacin rekod zai zaƙulo daga kundin rabe-raben cututtuka na duniya. Na huɗu shi ne abin da zai fito a takardar neman biya, idan mara lafiyan yana da inshora. Akwai ma'aikacin da ba ya riƙe allura, ba ya ma ganin mara lafiya. Aikinsa shi ne ya tabbatar sunayen nan huɗu ciwo ɗaya suke nufi.

Shi kansa ma'aikacin nan bai sami tsayayyen suna a Hausa ba. A ofis odita ake ce masa, kalmar da muka saba ji a wajen ma'aji, shi ya sa da an ambace ta sai hankali ya tafi kan rasit da bauca. Gidan rediyo kuwa mai binciken kuɗi yake cewa. Tushen kalmar a Latin saurare ne, domin a da karanta wa mai duba lissafi ake yi yana ji. Amma a asibiti kuɗi shi ne na ƙarshe da ake dubawa, kafin a kai kansa sai an bi ta kan rubutun likita da na nas da na ɗakin gwaji. In aka ce mai bincike an yi faɗi, don ɗan sanda ma bincike yake, malamin jami'a ma haka. Tantancewa ta matso kusa, sai dai ita ware na shiga da na fita take nunawa, kamar yadda ake tantance maniyyata. Bin diddigi ya fi dacewa, domin mutumin nan daga inda sawu ya tsaya yake farawa, wato takardar biya, ya riƙa komawa baya shafi bayan shafi har ya isa abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa.

Tarihinmu yana da suna mai kama da wannan. Muhtasibi, wanda Daular Sakkwato ma ta san muƙaminsa, shi ne mai duba mudu da sikeli da masu sana'a, kuma a biranen Musulunci na da likitoci da masu haɗa magani suna cikin waɗanda yake sa wa ido. A shekarar 931 Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci a Bagadaza sai likita Sinan bn Sabit ya jarraba shi. Bambancin kawai shi ne muhtasibi mutum yake jarrabawa, odita takarda.

Takardar kuwa tana da masu ita. Duk wanda ya hau mota a Kwangila zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, ya san tambayar farko: ka yanki kati? Mutane suna kiran wurin da ake yankan katin ɗakin kati, ma'aikatansa kuma 'yan rekod, da yawa ma suna ɗauka aikin bai wuce miƙo folda ba. Alhali sana'a ce mai lasisi. Doka mai lamba 39 ta 1989 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, asibitin koyarwar na Zariya kuma yana da makarantar da ke horar da su. Kati shi ne ƙaramin da mara lafiya ke tafiya da shi gida, mai ɗauke da lambarsa. Folda ita ce ke kwana a asibiti. Rajista kuwa babban littafi ne da ake kwashe alƙalumansa duk wata a shigar da su manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, daga nan su wuce jiha su kai Abuja. Kuskuren da aka yi a folda ba ya tsayawa a folda.

To, mu koma kan sunan farko, na gida. Bahaushe yana raɗa wa cuta suna ta hanyoyi da ba su yi kama da na kundin duniya ba. Wasu sunayen abin da ido ya gani ne jiki na yi: sanƙarau daga sanƙarewar wuya, farfaɗiya daga faɗuwa, jijjiga ga mai ciki, yoyon fitsari, amai da gudawa. Wasu abin da ake zaton ya jawo ciwon ne: sanyi, rana, haƙori ga yaron da ke gudawa lokacin fitar haƙora, da shan inna, wanda ya jingina shanyewar ƙafa ga Inna ta cikin iskoki. Wasu aro ne: basir daga Larabci, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risala sukutum a kan magungunansa, sai taifot da olsa da maleriya daga Turanci. Amma aron ba ya zama yadda ya zo. Basir a bakin mai maganin gargajiya ya haɗa ciwon baya da kumburin ciki da raunin mazantaka. Sanyi ya tattara ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwa. Ciwon zuciya kuwa sau da yawa baƙin ciki ake nufi, zuciyar tana bugawa lafiya lau.

Wannan ba jahilci ba ne. Sunan gida ya ishi gida: yana faɗa wa maƙwabta ko ciwon na zuwa dubiya ne, yana faɗa wa miji ko a nemi mota cikin dare. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauke shi aka ɗora a gurbin sunan asibiti. Shan inna, wato foliyo, misali ne mai kyau, kuma a Zariya ne Elisha Renne ta yi binciken littafinta na 2010 kan siyasar rigakafinsa. Masu sa ido kan cutar ba sa rubuta foliyo don uwa ta ce Inna ta sha ƙafar ɗanta. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a matsayin shanyewa kawai ake rubuta shi, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Sai ƙwayar cutar ta bayyana sannan sunan ya tabbata. Da wannan tsantseni ne aka iya shaida wa duniya a ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da foliyon daji.

Shi kuwa kundin duniya, wanda ake taƙaita sunansa da ICD, daga ƙidayar matattu ya samo asali. Jacques Bertillon, shugaban ofishin ƙididdiga na birnin Paris, shi ya gabatar da jerin sanadin mutuwa a taron Chicago na 1893, ƙasashe suka riƙa karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gaji aikin a 1948, ta faɗaɗa shi ya ƙunshi cututtukan masu rai. Bugu na 10, wanda lambobin da ke cikin wannan rubutu nasa ne, an amince da shi a 1990. Na 11 an amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. A bugu na 10, kowace lamba harafi ce da alƙaluma: harafin galibi yana nuna babi, alƙaluman suna matso da kai har kan cutar.

In ka ce shawara, tamkar ka ce wa mai kawo saƙo Hanwa ne ka yi shiru. Ka faɗi gaskiya, amma bai san ko Hanwa Makera zai nufa ko Lokos ba, balle ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ruwan ɗorawar idon nan yana iya zama kumburin hanta nau'in A, wato B15, wanda ruwan sha da abinci ke kawowa. Yana iya zama nau'in B, wato B16, na jini. Yana iya zama sikila, D57, inda jini ke farfashewa. Yana iya zama tsakuwa ce ta toshe hanyar matsarmama, K80. A jariri sabon haihuwa P59 ne. Kuma da wannan sunan dai gidajen rediyo ke kiran zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa wanda ake yi wa rigakafi, A95, cutar da mutum ɗaya tak ya isa a tayar da jami'an jiha. Idan likita ya ga ido ya canza amma bai gano dalili ba, kundin ya tanadi R17. Babin R gaba ɗayansa na alamomi ne da ba a kai ga sanadinsu ba, wato wurin da asibiti ke cewa iyakar abin da na gani ke nan.

A ɗauki wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, irin waɗanda ke cikin unguwanni. Odita ba ya karanta folda duka. Yakan zaɓo wasu a kan tsari, misali kowace ta goma a rajistar wata, ya haɗa da duk wadda kuɗinta ya yi tsalle. Ya buɗe ɗaya. Abu na farko, shin suna da lamba da shekaru iri ɗaya ne a kowane shafi? A garin da masu suna Aisha Muhammad suka cika layi, sakamakon gwajin wata yakan faɗa foldar wata. Na biyu, kowane rubutu yana da kwanan wata da sa hannu? Na uku, me likita ya ce? Ya rubuta maleriya da taifot, tagwayen da suka fi kowa zarya a asibitocinmu. Mai sa lamba ya ba su B50 da A01.0. Takardar biya ta nemi kuɗin kwana biyu a gado da allurai ta jijiya. Amma a cikin foldar babu sakamakon gwajin maleriya, na taifot kuma gwajin Widal ne sau ɗaya, takardar nas ta ba da magani kuwa fara fat.

"Ranka ya daɗe, Likita, B50 na nufin an ga ƙwayar falsifarum. Ina sakamakon?"

"Malam, lokacin damina ne, yaro ya zo jiki kamar wuta. Ai ba sai an tambaya ba."

"To akwai gurbinsa, ranka ya daɗe. B54 an yi ta ne don maleriyar da likita ya gane da ido ba tare da gwaji ba. Taifot ɗin kuma, ko ka ƙara bayani a rubuce, ko mu bar shi a zazzaɓi."

Odita bai ce likita ya yi kuskuren magani ba, wannan ba huruminsa ba ne. Abin da yake cewa shi ne sunan ya fi hujjar girma. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin da Georges-Fernand Widal ya fito da shi a 1896 kuwa yakan nuna alama a jinin mutanen da ke zaune inda taifot ta yi yawa ko da lafiyarsu ƙalau. Noman ƙwayar cutar daga jini ne ke tabbatarwa. Zazzaɓin da ba a gano tushensa ba yana da lambarsa, R50.9, kuma ba abin kunya ba ce.

Akwai ladubban da ƙwararre ba ya tsallakewa. Ba ya gyara rubutun likita, mayar masa da tambaya yake, kuma ba ya tsara tambayar yadda za ta sa masa amsa a baki. Ba a goge kuskure ko a shafe shi da farin ruwa. Layi ɗaya ake ja a kai yadda zai karantu, a sa hannu da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba, a wajensa ba a yi shi ba, ko da kowa ya rantse an yi. Yana tsoron taƙaitattun haruffa, domin PID a wajen likitan mata ciwon sanyin mahaifa ne, a wajen likitan ƙashi kuma gocewar faifan gadon baya. Sannan yana fara tambayar wace ƙa'ida asibitin ke bi game da alamar tambaya da likitoci ke sawa gaban sunan cuta. Littafin jagora na bugu na 10 ya yarda a sa wa cutar da ake zato lamba kamar ta tabbata, idan an sallami mara lafiya babu ƙarin bayani. A Amurka kuwa, ga wanda ba a kwantar ba, alamar ciwon kaɗai ake sa wa lamba. Wanda bai san wace ake bi ba zai kama mai gaskiya da laifi.

Sunan cuta ya fara yin nauyi a aljihu ne da zuwan inshora. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005, dokar 2022 ta mayar da ita NHIA ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KADCHMA, a 2018. Biya iri biyu ne. A matakin farko asibiti yana karɓar ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya yi ciwo ko bai yi ba. A mataki na biyu kuwa aiki-aiki ake biya, amma sai kamfanin inshora ya ba da izini. A nan ne kalmar kod ta rabu biyu. A bakin ɗan rekod, kod lambar cuta ce. A bakin ma'aikacin gwamnatin da ke zaune a benci tun safe, kod lambar izini ce: ba a turo kod ba, ana jiran kod. Biyun a ɗaure suke, don kamfani sai ya ga sunan cutar yake sakin izini. Zazzaɓi na cikin kuɗin wata, maleriya mai tsanani kuwa ta haye zuwa inda ake biya daban. Duk wanda ya fahimci wannan ya san inda alƙalami zai so ya karkata. Amurka ta ga haka bayan 1983, lokacin da shirin inshorar lafiya na Medicare ya fara biyan asibitoci gwargwadon rukunin cuta: a takarda sai marasa lafiya suka ƙara tsanani.

Hausa ba ta rasa sunayen waɗannan laifuka ba, kasuwa da siyasa sun riga sun tanada. Ɗaga ƙaramin ciwo zuwa babba aringizo ne. Saka gwaji ko maganin da ba a yi ba cushe ne. Foldar wanda bai taɓa zuwa ba ta bogi ce. Akwai kuma datsa aiki ɗaya gida-gida don a karɓi kuɗin kowane yanki. Sai dai odita na gari ya san mafi yawan abin da zai tarar ba ha'inci ba ne, gajiya ce: likita ɗaya, layi har waje, rubutu kamar tafiyar tsutsa. Kuma kuskuren yakan faɗa ta ɗaya gefen, a kwantar da mai ciwon suga da hawan jini a rubuta ɗaya a manta ɗaya, asibiti ya yi asara, alƙaluman jiha su tauye. Rahoton da ya san aikinsa yana ware ganganci daga sakaci, yana kuma faɗin horon da ake bukata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ajiye bayanan mara lafiya da rufa sirrinsa, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya sauya su ko ya lalata su ba da izini ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman. Odita yana ganin wanda ke shan maganin ƙanjamau da wadda ta yi ɓari, wataƙila ma sahu ɗaya suke sallah da mai foldar. Abin da ofis ke kira bin ƙa'ida, a unguwa amana sunansa.

Wurin da suna ya fi ɓacewa shi ne mutuwa. Sanarwarmu ba ta wuce bayan gajeruwar rashin lafiya ko doguwar jinya, kwana ya ƙare, a yi sutura kafin la'asar. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma takardar shaidar mutuwa tambaya daban take yi. Layukanta a jere suke: abin da ya ƙarasa mutum a sama, abin da ya jawo shi a ƙasa, har a kai tushe, kuma tushen ake ƙirgawa. Likitan da ya rubuta zuciya ta tsaya bai faɗi komai ba, kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa O72 ce, kuma sai an rubuta hakan ake gane cewa matsalar ta ma'ajiyar jini ce ko ta motar da ba a samu ba. Shi ya sa zaman bitar mutuwar masu haihuwa yake da sharaɗin ba a ambaton suna, ba a ɗora laifi, don ma'aikata su saki jiki su rubuta abin da ya faru.

Zariya ta taɓa nuna wa duniya amfanin rubutu mai tsafta. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda ake kawowa bayan naƙuda ta yi tsawo, akasarinsu ba su shiga makaranta ba. A shekarun 1970 ɗin dai, Neil Davidson da Eldryd Parry suka lura da yawan mata masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, suka bayyana gazawar zuciya ta bayan haihuwa, suka danganta ta da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da kunun kanwa. Yau ciwon yana da lambarsa, O90.3. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya karkata ga rashin abinci mai gina jiki da talauci da hawan jinin masu ciki fiye da al'adun jego. An iya yin wannan muhawara ne saboda na farko sun rubuta abin da suka gani dalla-dalla, na baya suka sami abin aunawa.

Bugu na 11 ya buɗe babi na 26 don sunayen cututtuka na maganin gargajiya, ya fara da na Sin da Japan da Koriya. Babu sanyi ko rana a ciki, kuma ba sai mun jira Hukumar Lafiya ta Duniya ba. Gari mai sashen nazarin Hausa a Samaru da makarantar 'yan rekod da asibitin koyarwa zai iya zama ya tsara jadawali: kowane sunan gida, da jerin cututtukan da yake iya nufi, da tambayoyin da ke raba su. Likita kuma ya rubuta koken mara lafiya da kalmar da ya faɗa, kafin ya rubuta tasa fahimtar, yadda mai bin diddigi zai ga inda aka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Shi kuma odita, idan ya buɗe rajistar wata ya ga ɗaruruwan maleriya da taifot babu R50.9 ko ɗaya, ya nemi littafin ɗakin gwaji nan take. Ko dai asibitin yana gwada kowa, ko kuma alƙalami ne ke yin gwajin.